Rosemary Yake Kira

Kujama, ranar Lahadi.

Zuwa ga 'yata Aisha Humaira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da aikinki na ɗakin magani da mutanen Kafanchan baki ɗaya. Mijinki Saifuddeen ya dawo daga Legas, ko har yanzu yana can bayan buhunan cittarsa? Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwata ce dai take tashi duk lokacin da hadari ya haɗu. Kasuwar hatsi kuma sai a hankali, masu masara sun ɓoye kayansu suna jiran tsada. Ɗanki Irfan, maigidan nawa, yana nan lafiya, hutun nan har kumatu ya yi.

Na rubuto ban kira ki ba domin wayata a rumfa nake ɗaga ta, kunnuwan kasuwa kuwa kin san su. Abin da zan faɗa ba na bakin rumfa ba ne. Zamani direba zai miƙa miki wannan hannu da hannu.

Ba zan sa Irfan a mota ranar Asabar ba kamar yadda muka shirya. Sai dai makarantar ta buɗe ba da shi ba.

Ranar Juma'a na zuba masa tuwo da miyar karkashi, matar Malam Ƙasimu tana zaune tana taya ni tsintar wake. Yaron nan ya dubi kwano, ya dubi gefensa kamar mai neman wani. Sai ya ɗaga hannun dama ya taɓa goshi, ya taɓa ƙirji, ya taɓa kafaɗar hagu, ya taɓa ta dama. Matar Malam ta ce, "Asibi, me nake gani haka?" Na ce ƙuda yake kora. A cikin gidana, da furfurata, kin sa na yi ƙarya. Da na sa ido sai na ga ba ya zama gaban abinci bai yi ba.

Na yi sakandare, na kwana ɗaki ɗaya da 'yan Katolika har na gama. Ba sai an gaya mini sunan wannan alamar ba.

Tun ranar da kika ce kin samu makarantar nazare, ta ƙananan yara, da ta karɓe shi na tambaye ki: sauran duk sun ce ba su da wurin kurma, to me ya sa wannan ta buɗe hannu? Kika ce wai tsarinsu ke nan, mai ji da marar ji, mai gudu da mai sanda, duk aji ɗaya. Kika yi ta yabon wata Anti Tamar. Humaira, yaro mai ji idan an gaya masa abu a makaranta zai zo gida ya maimaita, uwarsa ta ji ta gyara. Yaron da sanƙarau ya toshe wa kunne tun yana goye, wa zai gaya wa? Irinsa ne ake ɗura wa komai hankali kwance, don an san ba zai kai ƙara ba.

Ba ƙiyayya nake koya miki ba. Maƙwabciyata Selina ta fi wasu 'yan'uwan jini amfani a gare ni. Amma ita da addininta, ni da nawa, kuma ba ta taɓa kama hannun ɗana ta kai goshinsa ba. Uwa ba haihuwa kaɗai ba ce, uwa sa ido ce. Ke kin miƙa yaro da safe kin tafi sayar da ƙwayar magani, kin ɗauka kin gama.

Ki ba ni amsa a rubuce. Kafin nan, duk lokacin da hannun ya nufi goshi ina sauke shi.

Mahaifiyarki,
Asibi.

Kafanchan, ranar Talata.

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da gwiwa. Muna lafiya, Saifuddeen bai dawo ba tukuna.

A tsaye nake rubuta wannan, Zamani ya cika mota yana ta danna mini oda, ga mutane a layi. Inna, don girman Allah ki kwantar da hankalinki. Abin da kika gani ba addu'a yake yi ba, Rosemary yake kira. Na san da shi tun zangon da ya wuce, ba wani abu ba ne. Zan zauna in yi miki bayani filla-filla.

Abu ɗaya nake roƙo, kada ki riƙa sauke masa hannu. Hannun nan shi ne bakinsa. Ki taimake ni ki sa shi a mota ranar Asabar, idan ya rasa farkon zango yana shan wuya kafin ya kamo.

'Yarki,
Humaira.

Kujama, ranar Alhamis.

Humaira,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu ma lafiya, sai dai abin da takardarki ta saka mini a ƙirji.

Na karanta, na cire tabarau na goge, na sake karantawa. Kin ce ba addu'a yake yi ba, sannan da hannunki kika rubuta abin da yake kira. Kin ɗauka don kin haɗe kalmomin biyu wuri ɗaya ba zan gane ba? Na san rozari, carbin da suke ja. Na san Meri da suke kira idan suna jan sa. Wata yarinya da gadonta ke kusa da nawa a makaranta kullum da asuba sai ta ja, har na haddace sautin ba da sona ba. Yau 'yar da na haifa ce take gaya mini jikana rozari da Meri yake kira, wai in kwantar da hankalina!

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kin ce kin sani tun zangon da ya wuce. Kin zo nan da Sallah, kin ci, kin sha, kin yi dariya da ni, kina riƙe da wannan a cikinki. To me kuma kike riƙe da shi? Saifuddeen ya sani, ko shi ma jira kike ya gani a gaban baƙi kamar yadda na gani? Me matar nan Tamar take yi miki da har kika zama lauyarta? Ina so ki gaya mini ko tana zuwa gidanki, ko ke kina zuwa nata, da kuma inda take kai yaran idan an tashi. Idan ba ki gaya wa mijinki ba, ni zan gaya masa, kuma ba zan rage komai ba.

Kin ce hannu ne bakinsa. To bakin da ya faɗi abin da bai kamata ba, tsawata masa ake yi. Haka na yi muku kuna yara, ba wanda ya mutu. Da farko saukewa nake yi, ya ƙi ji, sai na fara ɗan maƙe masa bayan hannu da yatsu biyu. Ba duka ba ne, tuni ne. Kuma tunda ni ba na iya bambance wadda ke da kyau da wadda ba ta da shi a cikin alamomin nan nasu, na hana duka har sai na san inda aka nufa.

Ki zo ki ga yadda ya natsu. Duk wannan wurwurga hannu da yake yi kamar mai kiran mota ya daina. Yana bina rumfa, ya zauna bayan buhuna shiru, hannuwansa a tsakanin cinyoyi. Matar Malam Ƙasimu ma ta yaba.

Asabar za ta zo ta wuce, yana nan. Bayanin da kika yi alkawari ina jira.

Mahaifiyarki,
Asibi.

Kafanchan, ranar Laraba.

Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fatan gwiwar ta yi sauƙi. Takardarki ta daɗe a hanya, motar Zamani ta lalace a Kachiya, sai jiya ya kawo mini ita duk ta sha baƙin mai. Na yi ta kiran wayarki kina kashewa. Da na karanta sai da na zauna a ƙasa.

Inna, Rosemary mutum ce. Yarinya ce 'yar shekara biyar, 'yar wani makaniki da ake kira Dickson, mutanen Kagoma ne. Ita ce ke zama kusa da Irfan a aji, tare suke cin abinci lokacin tara. Laifina ne da na rubuta miki layi ɗaya a tsaye.

Bari in gaya miki yadda ajin yake. Yara ne kamar ashirin, yawancinsu lafiyarsu ƙalau. Akwai Irfan, akwai wani Azariya da ke tafiya da sanduna, akwai wata yarinya da ba ta iya zama wuri ɗaya, an ba ta aikin raba alli don ta samu dalilin tashi. Ba sa zama layi-layi, zagaye suke yi kamar rabin faifai, don Irfan ya riƙa ganin fuskar kowa. Idan Anti Tamar tana son su saurara ba tsawa take yi ba, jan ƙyalle take ɗagawa. Idan za a yi waƙa, sai ta sa shi ya dafa ganga yana jin bugun a tafinsa. Kuma ba shi kaɗai ake koya wa maganar hannu ba, duka ajin ne. Ta ce idan shi kaɗai ya iya, da wa zai yi hira?

A maganar hannu ba a tsayawa harhaɗa sunan mutum harafi-harafi. Kowa ana raɗa masa sunan hannu, alama guda, daga abin da aka saba gani a jikinsa ko a halinsa. A ajin nan kuma yaran ne suke raɗa wa junansu. Wanda ya fara yin alama, idan sauran suka maimaita, to suna ya zauna. Azariya sunansa duƙunƙule hannu biyu kamar mai riƙe sanduna. Anti Tamar sunanta jan kunne, saboda manyan 'yan kunnenta.

Ba zan yi miki ƙarya ba, alamar da kika gani ita ce wadda kika sani. Iyayen Rosemary 'yan Katolika ne, ba ta kai loma baki ba ta yi ba. Yaran suka gani, suka mai da shi sunanta. Ranar da na fara ganin Irfan ya yi, ko mayafi ban yafa daidai ba na tafi makarantar. Anti Tamar ta ce da ni, da irin Hausarsu da mace ma "ya" ce, "Maman Irfan, ni ban koya ma shi ba fa. Rosemary ne, kowane burek sai ya yi haka kafin ya ci abinci. Ni ko a cocinmu ba mu yin shi." Na ce to ki hana. Ta ce, "In na hana, da mene zai kira abokinshi? Kuma kin san sunan naki yaro?" Inna, sunan Irfan a ajin shafa fuska ne da tafi biyu, irin na gama addu'a, domin haka yake yi idan ya gama cin abinci, kamar yadda ya gani a wurinki. Duk yaron da yake neman Irfan, sai ya shafa.

Na dawo gida raina bai gama kwanciya ba, amma na bar shi. Da ya zauna gaban tuwonki ya dubi gefensa, tambayarki yake yi, ina Rosemary?

Saifuddeen ya sani tun a lokacin. Ya ce shi ma abin bai yi masa daɗin gani ba, amma ɗansa da bai taɓa samun wanda zai kira ba ya samu. Anti Tamar ba ta taɓa taka gidana ba, ni ma ban san nata ba. Idan an tashi ni nake ɗauko shi.

Kin ce ya natsu. Wannan kalmar ce ta hana ni cin abinci jiya. Kafin makarantar nan haka yake, ki tuna. Idan yana jin ƙishi sai dai ya yi kuka mu yi ta cinke, ruwa ne, fitsari ne, ciwo ne. A ajin nan ya koyi cewa ruwa, ya koyi cewa ciwo, ya koyi cewa Mama. Ina tsoron kada ya ɗauka magana gaba ɗaya laifi ce. Ba ni da ikon in zo in ɗauke shi daga hannunki, kuma ba zan yi ba. Roƙonki nake yi.

'Yarki,
Humaira.

Kujama, ranar Litinin.

Humaira,

Assalamu alaikum. Mun wuni lafiya, ina fatan ku ma haka. Gwiwa da sauƙi.

Na ga doguwar takardarki. Da kin rubuta ta tun farko da ba a kai nan ba, amma ku yaran yanzu komai a tsaye kuke yi. To Rosemary mutum ce, na ji. Wannan bai canza abin da hannun jikana yake zanawa a jikinsa ba. Suna ko ba suna ba, abin da hannu ya saba da shi yana ƙarami, da shi yake girma. Kuma duk bayanin nan daga bakin Tamar kika samo shi. Wanda ake tuhuma kika tambaya, ya ce bai yi ba, kika dawo gida. Wa ya ga lokacin da yaran suka raɗa sunan? Wa ya tabbatar ba ita ta fara yi suka bi ba?

Yanzu ga wani abu, kada ki tayar da hankalinki, ya wuce. Ranar Asabar Irfan ya ƙi cin abinci. Ya zauna bayan buhuna hawaye na zuba, babu sauti. Na taɓa jikinsa da ɗumi. Na nuna cikinsa, na nuna kansa, na nuna haƙori, ina tambayarsa da fuska. Ya fara zaro hannu, sai ya dubi nawa hannun, ya mayar da nasa tsakanin cinyoyi. Na kama hannun da kaina na ɗaga masa, na ce yi, yi mana. Ya ƙanƙame shi. Haka muka wuni. Sai da la'asar da na zo yi masa wanka na ga tafin ƙafarsa ya kumbura, ashe tsinken waya ne na ɗaurin buhu ya shige, har ya fara ruwa. Selina ta raka ni asibiti, an cire, an yi masa allura, an naɗe. Yanzu yana takawa.

Wannan ma ina ganin laifin makarantar a ciki. Sun koya wa yaro hanya ɗaya tak ta magana, ba su koya wa danginsa ba. Da ke mai tunani ce da kin zana mini 'yan alamomin a takarda tun ranar da kika kawo shi. Yadda ake cewa "ina ke ciwo" dai ya kamata a ce na sani.

Ga abin da na yanke. Ba zan ba Zamani shi ba, ni zan kawo shi da ƙafata. Ba gidanki zan fara sauka ba, makarantar zan wuce daga tasha, kuma ba zan gaya miki rana ba, don kada a share wuri a ɓoye abin ɓoyewa kafin in iso. Idan na ga abin da ban yarda da shi ba, motar da ta kawo mu ita za ta mai da mu. Kada ki gaya wa Tamar. Idan na tarar ana jirana, na san ta inda aka ji.

Mahaifiyarki,
Asibi.

Kujama, ranar Juma'a.

Humaira,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya, hanyar Kachiya dai ta ƙara wa gwiwata aiki. Ina fatan ƙafar maigidan tana warkewa. Ki riƙa canza masa bandeji, kada ki bar shi ya taka ruwa.

Kin yi ta tambayata a gidanki me na gani, na ce miki gajiya nake ji. Ba gajiya ba ce. Akwai maganar da ta fi mini sauƙi a takarda.

Ba su san da zuwana ba, wannan na tabbatar, domin na tarar da Tamar a durƙushe tana goge kunun da wani ya zubar. Muna shiga, yaran nan suka miƙe gaba ɗaya suka nufo mu, kowa yana shafa fuska da tafi biyu. Yara ashirin, har da masu ɗan gicciye a wuya. Kafin in ankara na ji bakina ya ce amin. Tamar ta juya baya, na san dariya take ɓoyewa.

Na duba bango, hotunan ayaba ne da akuya da jerin abin da za a yi daga safe zuwa tashi. Na ce ta buɗe kabad, ta buɗe ba musu. Alli ne da tsummoki da gangar da kika faɗa. Na tambaye ta addu'ar da suke yi da safe, ta ce kowa ya yi tasa a gida kafin ya zo. Ban samu komai ba. Ban ce babu ba, na ce ban samu ba.

Na ga Rosemary. 'Yar firit ce, haƙorinta na gaba ya fita. Ta zo ta ja rigar Irfan, ta nuna bandejinsa tana ta juya hannu.

Na ce da Tamar a canza wa yarinyar suna. Ta ce, "Mama, baban Rosemary ma ya zo nan last tam, zango da ya wuce, da faɗa. Ya ce yarinyanshi yana shafa fuska a gida kamar Musulmi, kakanshi ya gani. In za a canza na Rosemary, sai a canza na Irfan." Na ce ai wannan daban ne. Ta dai tsaya tana kallona da 'yan kunnen nan nata. Na ce to a canza duka biyun. Ta ce ita ba ta da iko, sai masu raɗawa sun yarda. Ta ɗaga jan ƙyalle, suka zauna, ta yi musu bayani da baki da hannu a tare. Yaron nan mai sanduna ya sa yatsa a haƙorinsa na gaba yana nuna giɓin Rosemary, sauran suka maimaita suna dariya, ita ma tana washe giɓin. Na Irfan kuwa suka taɓa kai, saboda hular da na saya masa. A gabana aka yi, ba wanda ya ba ni labari. Shi ya sa na bar shi a makarantar.

Abin da ban gaya miki ba shi ne wannan. Duk abin nan da ake yi, Irfan bai ɗaga hannu ba. Rosemary ta yi masa magana, Tamar ta durƙusa ta yi masa, shi kuwa sai ya saci kallona ya ƙara cusa hannuwa a aljihu. Tamar ta matso ta ce a hankali, "Mama, ko za ki ɗan sha iska a waje?" Ni aka ce wa in fita. Na fita.

Na zagaya ta bayan taga inda ba ya ganina. Humaira, ban taɓa sanin yaron nan yana da surutu haka ba. Hannuwansa har ba na iya bin su da ido. Ya nuna ƙafarsa, ya kwatanta allura, ya kumbura kumatu, yaran suna ta kallonsa baki buɗe. Rosemary ta nuna ƙofar da na fita, ta yi masa alamar tambaya. Ya dubi ƙofar. Sai ya ɗaga yatsu biyu ya maƙe bayan hannunsa. Rosemary ta maimaita. Mai sanduna ya maimaita. Sauran ma suka maimaita.

Kin riga kin gaya mini abin da ake nufi idan yara suka maimaita alama.

Ban yi nadamar sa ido a kan jikana ba, kuma ba zan daina ba. Zan sake zuwa ba tare da sanarwa ba, ki gaya wa Tamar haka. Ke kuma ki daina yin abu a tsaye. Ki zauna ki zana mini alamomin da kyau, ruwa da ciwo da abinci da sannu, ki rubuta ma'anar kowace a ƙasa, ki ba Zamani. Hutu mai zuwa a kawo mini shi.

Sannan idan kin je ɗauko shi, ki tambayi Tamar, tunda na ga an canza sunan Rosemary a zama ɗaya, shin na babba ma yana canzuwa, kuma me mutum yake yi kafin yara su sake masa? Ki yi tambayar kamar daga gare ki. Kada ki ce ni na aiko ki.

Mahaifiyarki,
Asibi.